Tambayar da ban yi ba

A ƙarshen wannan watan zan bar sashen da na shafe shekara huɗu ina bibiyar masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, a wani asibiti a nan Yamai, kuma cikin duk waɗanda suka ratsa hannuna, mace ɗaya ce take yawan dawo mini a rai.

Daga Tawa aka kawo ta, cutar ta riga ta taɓa ƙoda, aka ɗora ta a kan magungunan mycophenolate da prednisone. Kowa a sashenmu ya san mycophenolate yana zubar da ciki, yana kuma nakasa ɗan tayi, don haka tilas ne a riƙa tambayar mace zancen al'adarta da na tsarin iyali duk zuwan da ta yi. Da ta dawo a wata na uku, mijinta yana zaune kusa da ita. Na ce, "Malama, ya jiki?" Ta ce da sauƙi, na auna hawan jini, na rubuta. Kunya ta hana ni wuce nan, ban kuma nemi maigidan ya ba mu wuri ba. Bayan mako shida aka dawo da ita ta yi ɓari.

Laifina na amsa shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda shugabanmu ya tsawata mini a gaban ɗalibai, alhali takardar bibiyar da shi ya tsara ba ta da gurbin wannan tambaya, daga baya kuma ya so a rubuta cewa ɓarin bai shafi magani ba. Na ƙi sa hannu.

Wajen tara cikin goma na masu lufus mata ne, galibi a shekarun haihuwa, amma gwajin sababbin magunguna ba ya ɗaukar mai ciki. Voclosporin, maganin lufus da ta taɓa ƙoda wanda Amurka ta amince da shi a 2021, tare da mycophenolate ake ba da shi, kuma binciken da aka gwada shi, mai suna AURORA, ya bi masu shansa shekara uku ne kawai. Matan da muke dubawa za su yi shekaru masu yawa suna shan magani, su yi aure, su nemi haihuwa, kuma illar da ba a rubuta ba ba za ta taɓa shiga lissafi ba.



Ga wadda za ta gaje ni, takardar yanzu tana da gurbin, ni na ƙara shi. Idan miji ya shigo, ki gaishe shi da ladabi, sannan ki ce, "Malam, don Allah ka ɗan jira mu a waje."