Makulli na jone, kwamfuta ta ce babu shi

Saura kwana tara babbar sallah Baffa ya kira ni da sassafe: "Ɗana, manhajar zanen nan ta ƙi buɗewa, wai ba ta ga makulli ba." Shagonsa na aikin kwamfuta ne, wato zanen wuyan kaftani da babbar riga da inji ke ɗinkawa, kuma a irin wannan lokaci awa guda ma asara ce.

Makullin wani ɗan abu ne mai kama da filas, masu sana'ar na ce masa dongul. Lasisin manhajar a cikinsa yake. In babu shi, kuɗin da aka zuba sun zama hoto. Saboda tsoron kada wani ya zare shi ya sa a aljihu, bara na kulle shi a durowar ofis, na jona shi a wani akwatin USB mai aiki ta hanyar sadarwar shago. Kwamfutar zane tana ganinsa ta wayar sadarwa kamar a jikinta yake.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Na cire direban, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane makullin, na sake sakawa, har na fara tunanin sauke manhajar gaba ɗaya. Awa biyu suka tafi a banza. Sai da na sha shayi hankalina ya dawo, na yi abin da ya kamata in fara da shi: na zaro makullin na soka shi kai tsaye a kwamfutar. 'Yar fitilarsa ta kama, manhaja ta buɗe. Makullin samfurin Sentinel ne, don haka na rubuta localhost:1947, adireshin duba irinsa, a burauza, shafin direban ya nuna shi da lambarsa. Ke nan makulli lafiya, direba lafiya, matsalar tana tsakanin durowa da tebur.

Na mayar da shi akwatin, na aika ping, wato saƙon gwaji don jin ko akwatin zai amsa, zuwa adireshinsa da na sani, 192.168.1.20. Shiru. Da na leƙa cikin rauta, na'urar da ke haɗa kayan shagon a kan sadarwa ɗaya, sai ga akwatin a 192.168.1.34. Ashe da daddare an ɗauke wuta, aka tada janareta, rauta ta sake tashi ta raba adireshi yadda ta ga dama. Haka DHCP, tsarin raba adireshin, yake, aro yake bayarwa, ba kyauta ba. Laifina ne: ranar da na haɗa kayan ban ɗaure wa akwatin adireshi na dindindin ba. Nan take na ɗaure adireshin da lambar MAC ɗin akwatin, wato lambar shaidarsa ta sadarwa, na gyara a manhajar da ke kiran akwatin.

Akwati ya bayyana. Makulli kuma har yanzu ya ƙi zuwa.

Wannan ne ya fi ba ni wahala, domin komai kore yake nunawa. Sai da na lura da ɗan rubutu a gefen sunan makullin, cewa wata kwamfuta na riƙe da shi. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, irin wannan akwati ba ya raba makulli ga mutum biyu. Tsawaita waya kawai yake yi, wanda ya riga kamawa shi ke da shi har ya saki. Watanni baya na gwada haɗin da laftof ɗin yaron shago, na bar ta a kan ta riƙa kamawa da kanta, na manta. Tana gano akwatin ne ta hanyar lalube, ba da adireshi ba, shi ya sa sauyin bai dame ta ba. Da safen nan ya kunna ta don ya yi cajin waya, ta wafce makullin.

Na kashe wannan saiti, na ware makullin ga kwamfutar zane ita kaɗai. Na kuma hana Windows kashe tashoshin USB don tanadin wuta, na sa rauta da akwatin a kan ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta. Adireshin da matakan dubawa, daga makulli zuwa waya zuwa adireshi zuwa wanda ke riƙe da shi, na rubuta a takarda na manna cikin durowar.

Baffa ya leƙo bayan azahar, ya ji inji na ta sukar shadda. "To me ya lalace?" Na ce masa babu abin da ya lalace. Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce in tsaya in ci tuwo kafin in tafi.