Kama fuska da dare: aikin kyamarori a siton kawuna

Sana'ata haɗa wutar sola ce da wayarin. Aikin kyamarorin tsaro daga baya ya shigo, domin duk wanda ka sa wa inbata da batir, nan gaba kaɗan zai ce ka sa masa kyamara tunda yanzu wuta ta zauna. Aikin da ya fi koya mini abu a wannan fanni shi ne na siton kawuna da ke kusa da kasuwar Dawanau a Kano, inda yake ajiye riɗi da waken suya.

Tun kafin in shigo maganar, wani ya riga ya sa masa kyamarori huɗu, kowacce an rubuta 4K da megafiksel 8 a kwalinta. Da rana hotonsu ba laifi, har rubutun jikin buhu ana karantawa in yana kusa. Amma da aka ɗauke masa kaya cikin dare muka zauna duba bidiyon, sai ga mutum biyu sun shigo ta ƙaramar ƙofa sun fita, ana ganin motsinsu, fuska kuwa ta narke ta zama farin tabo. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan wannan hoto.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka san kayan nan, nemo mana wadda ta fi wannan lamba, ko nawa ce."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba lambar ce ta yi kaɗan ba. Ku ba ni dama in auna wurin tukuna."

Abin da na fara dubawa shi ne takardar bayanin kyamarar, layin da ke faɗin girman sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. An rubuta inci 1/2.8. Wannan inci ba na tef ɗin awo ba ne, tsohon lissafi ne da aka gada daga kyamarorin talabijin masu bututu, don haka ainihin farantin bai wuce milimita 5.6 a faɗi da kusan 3.1 a tsaye ba. Abin riƙewa shi ne, idan lambar ƙasa ta ragu, sensa ta girma: 1/1.8 ta fi 1/2.8, sannan 1/1.2 ta fi su duka.

A kan wannan ɗan faranti aka cusa fiksel miliyan 8, wato ƙananan ɗigo masu kama haske, miliyan ɗayansu shi ne megafiksel ɗaya. Kamar gonar gado ce: in magada biyu suka raba, kowa ya sami abin nomawa, in takwas ne kuwa kowa kunya kaɗan zai tashi da ita. Sensa 1/2.8 mai megafiksel 2, faɗin kowane fiksel ɗinta maikron 2.9 ne (maikron kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne). Ita wannan mai megafiksel 8, maikron 1.45. Rabin faɗi ke nan, kashi ɗaya cikin huɗu na fili, saboda haka hasken da kowane fiksel ke samu ya ragu ninki huɗu. Da rana ba a lura, haske ya wadata. Da dare sai kyamara ta shiga ƙara wa hoton ƙarfi da kanta, hoto ya cika da tsaki-tsaki, sannan manhajar rage tsakin ta bi ta goge, ta haɗa da hanci da ido. Tun daga lokacin ma'aunina ɗaya ne in ana son aikin dare: megafiksel 2 a kan 1/2.8, ko 4 a kan 1/1.8, ko 8 a kan 1/1.2. Dukkansu ukun fiksel ɗinsu na kusan maikron 2.9, kuma irin su ake samu a jerin sensa na Sony da ake kira STARVIS. Tsadar tana hawa yadda girman ke hawa, domin babbar sensa babban gilashi take bukata. Kwalin da ya yi ta kururuwar megafiksel amma ya ɓoye girman sensa, ni ba na ɗaukarsa.

Sai maganar lens, wato gilashin gaban kyamara, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna asarar kuɗinsu. Sau da yawa kyamarar da za a miƙo maka a shago mai lens na milimita 2.8 ce (lambar nan in ta yi ƙasa fili ya buɗe, in ta hau ya tsuke), saboda tana buɗe fili sama da digiri 100, mai gida ya kalli wayarsa ya ga tsakar gida gaba ɗaya, ransa ya yi fari. Amma fiksel ɗin nan ƙidayayyu ne, duk yadda ka buɗe fili haka suke watsuwa. Akwai ma'auni na duniya da ake kira DORI, ya fito daga ƙa'idar IEC 62676-4 ta 2014, kuma kamfanoni irin su Hikvision da Dahua suna sa shi a takardun kayansu. Yana cewa don ka san akwai mutum a wuri, fiksel 25 a kowace mita sun isa. Don ka ga abin da yake yi, kusan 63. Don ka gane wanda ka riga ka sani, 125. Don ka tantance baƙon da ba ka taɓa gani ba, sai 250.

Na ja tef daga gindin kyamarar zuwa ƙaramar ƙofar, mita 14. A lissafi, waccan kyamara da gilashinta na 2.8 iyakar tantance fuskarta kusan mita 8 ne, shi ma da rana tsaka. Ashe tun ranar da aka kafa ta ba a ba ta aikin da za ta iya ba. Jawo hoto da yatsu a waya kuma ba ya ƙara komai, fiksel ɗin da suke nan kawai yake kumburawa.

Ban cire tsofaffin duka ba. Biyu na bar su a sama suna kallon fili, domin suna da amfaninsu: ganin lodi da sauke kaya da rana, da sanin ta ina aka shigo. Kuɗin da Kawu ya ware na zuba shi a kyamara ɗaya mai megafiksel 4 a kan sensa 1/1.8, da lens mai milimita 6, na kafa ta mita 6 daga ƙofar. A wannan tazara tana ɗaukar faɗin kusan mita 8, kowace mita ta sami fiksel sama da 300. Ba ta ganin komai sai ƙofa da ɗan gefenta, kuma abin da nake so ke nan. Duk wanda zai shiga sito dole ya bi ta nan.

Wani abu da ya ba ni sha'awa da na zauna da biro da takarda: mai megafiksel 2 a kan 1/2.8 da mai 4 a kan 1/1.8, in duka lens ɗinsu milimita 6 ne, nisan da suke tantance fuska ɗaya ne, kusan mita 8, tunda girman fiksel ɗinsu ɗaya. Abin da babbar ta ƙara shi ne faɗin fili. Don haka wanda kuɗinsa bai kai ba, kuma ƙofarsa siririya ce, ƙaramar ta ishe shi, kada wani ya tsorata shi.

Tsayin kafawa ma sai da muka yi ja-in-ja a kansa. An liƙa tsofaffin a ƙarƙashin kwano, kusan mita 5 daga ƙasa, don kada a taɓa su. Daga can ƙoƙon kai da hula kawai ake gani. Na sauko da sabuwar zuwa mita biyu da rabi. Kawu ya ce ai hannu zai kai gare ta. Gaskiyarsa, shi ya sa mai walda ya yi mata keji, kuma ɗaya daga cikin na sama tana kallonta.

Da dare ya yi na roƙi mai gadi, "Baba, don Allah ku fita waje ku shigo da irin tafiyarku ta kullum, kada ku tsaya." Wannan gwajin shi ne gaskiyar kowace kyamara. Masu sayarwa hoton fili suke nunawa, ba kowa a ciki, tarwai kamar rana. Yadda ake samun wannan hasken shi ne kyamara ta rage saurin ƙiftawarta, ta bar ido a buɗe har kashi ɗaya cikin 12 na daƙiƙa ko fiye don ta tara haske. Katanga ba ta motsi, sai ta fito tas. Mutum kuwa yana tafiyar kusan mita 1.4 a daƙiƙa, a wannan ɗan lokaci ya gusa kusan santimita 12, alhali faɗin fuskar gaba ɗaya bai fi santimita 15 ba. Da Baba ya wuce a saitin da kyamarar ta zo da shi, na tsayar da bidiyon, gemunsa ya haɗe da wuyan rigarsa. Na shiga saiti na hana ƙiftawar sauka ƙasa da 1/100 na daƙiƙa. Hoto ya yi duhu, ya rage kyau a ido, amma da ya sake wucewa har tsagen da ke kumatunsa ya fito. Na kuma karkata ta yadda mai shigowa zai tunkaro ta gaba da gaba, domin wanda ke gilmawa ta gefe ya fi shafewa.

Kawu bai ji daɗin duhun ba da farko, ya ce ta dā ta fi haske. Na ajiye masa hotunan biyu gefe da gefe a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar ta haka.

Saurin ƙiftawa haske yake ci, dole a biya ta wani wuri. Hanya ɗaya ita ce kafar shigar haske ta lens, wadda ake rubutawa da F. Mai F1.0 tana shigar da haske ninki huɗu na mai F2.0, kuma irinta ake sa wa kyamarorin da ke ba da kala da dare. Ita ma da kuɗinta: zurfin wurin da ke fitowa tsaf yana raguwa, abin da ya matso kusa sosai sai ya dushe, don haka a duba mafi ƙarancin tazarar da aka rubuta mata. Hanya ta biyu ta fi araha, kuma ita ce sana'ata: na sa fitilar sola a saman ƙofa daga ciki, tana haska fuskar mai shigowa ba tare da ta dallare idon kyamara ba. Na fi son farin haske a ƙofa saboda kala. Hasken infirared, wanda ke sa ka ga ɗan ja-ja a fuskar kyamara da dare, baƙi da fari yake bayarwa, kuma yana sauya kamannin tufa, baƙar riga ta wani yadin sai ta fito fara sol. In za ka ba da bayanin kayan da mutum ya sa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Hunturu kuma ya zo da nasa darasin. Fitilun infirared na tsofaffin kyamarorin suna kewaye da lens ɗin, to in hazo ya sauko sai hasken ya bugi ƙurar da ke gabansu ya dawo, allo ya yi fari fat. A sito ga ƙurar hatsi ga ta hanya. Da damina ƙwari ne ke taruwa, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashi, zare ɗaya ya rufe rabin hoto. Na kashe fitilun da ke jikin ɗaya daga cikin tsofaffin, na sa mata fitila daban nesa da ita kamar mita ɗaya, sannan na bar wa yaron sito tsumma mai laushi da tsani.

Na'urar naɗar bidiyon ma sai da na duba ta. An matse bidiyon sosai don faifan ajiya ya daɗe bai cika ba, matsewar kuma abin da ke motsi take fara cinyewa. Na ba kyamarar ƙofa megabit 4 a daƙiƙa da tsarin matse bidiyo na H.265, wanda ke cin kusan gigabait 43 a yini, na rage wa na fili. Na kuma nuna wa Kawu cewa hoton da waya ke nunawa kai tsaye ƙarami ne, in wani abu ya faru daga na'urar ake ciro na ainihi. Na'urar da kyamarorin duka na ɗora su kan inbata.

Abu ɗaya ya rage, lambar babur da ta mota. Kyamarar fuska ba za ta yi wannan ba: babur mai gudun kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 8 a daƙiƙa, ga fitilarsa tana dallarowa, ga lambar tana mayar da haske. Yana bukatar kyamararsa daban mai dogon lens da ƙiftawar kusan 1/1000, wadda da dare ba za ta nuna komai ba sai lambar. Na ja mata waya na ajiye a bakin get, Kawu ya ce a bari sai an sayar da riɗin bana.