Wuta a Tsakiyar Tebur: Gashin Naman Koriya a Idon Bakatsine

A gidajen gashin nama na Koriya ta Kudu ɗanyen nama ake kawo wa mai ci a faranti, an yanka shi fale-fale. A tsakiyar teburin da ya zauna akwai rami da aka yi domin wuta, inda ma'aikaci zai zo ya ajiye kaskon garwashin gawayi, ko kuma ya kunna gas, sannan ya ɗora ragar ƙarfe a kai. Daga rufin ɗakin wani bututu yake saukowa har kusa da ragar yana zuƙe hayaƙi. Mutanen da suka zo cin abincin su ne za su gasa namansu da hannunsu, kaɗan-kaɗan, suna gashi suna ci suna hira, kuma ba abin mamaki ba ne a shafe awa biyu a zama ɗaya.

Na ci irin wannan abinci a birnin Seoul lokacin da wajen aikinmu ya tura mu wani kwas, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa yanzu shi ne 'yar ƙanwata, wadda take cikin matasan Katsina masu bibiyar finafinan Koriya a waya. Bayan mun gaisa ranar Juma'a sai ta ce, “Kawu, wai da gaske ne da almakashi suke yanka nama a kan tebur, ko dai shirin fim ne kawai?” Na ce mata, “Da gaske ne, 'yata, kowane tebur da almakashinsa da abin juya namansa.” Daga tambayoyin da ta biyo baya da su na fahimci cewa yaranmu sun san kamannin wannan abinci sosai, har sunayensa sun haddace, alhali abin da ke cikinsa da abin da ya kamata Musulmi ya kiyaye a wajensa babu wanda ya yi musu bayani.

Nau'o'in naman suna da yawa, amma biyu ne suka fi suna a wajen baƙi. Na farko bulgogi, wato tsokar naman sa da aka yanka da sirantaka, aka jiƙa ta cikin haɗin ruwan waken suya mai gishiri, da man riɗi, da tafarnuwa, da albasa, da sukari, da markaɗaɗɗen wani ɗan itace mai zaƙi da ruwa da suke nomawa, wanda yake tausasa nama. Na biyu galbi, naman haƙarƙari, wanda ake buɗe tsokarsa daga jikin ƙashi ta yi tsawo, a tsattsaga ta da wuƙa domin haɗin ya ratsa. Akwai kuma naman da ba a jiƙa shi da komai, sai dai a gasa shi a tsoma cikin man riɗi da gishiri, kuma masu wannan abinci suna cewa da shi ake gane nama mai kyau. Shanun ƙasar, waɗanda suke kira hanwoo, kitsensu yana ratsa tsoka kamar zane, suna da tsada ƙwarai, shi ya sa yawancin gidajen abinci masu sauƙin kuɗi suke amfani da naman da ake shigowa da shi daga Amurka da Ostareliya. A ƙa'ida kuma ba a sayar da kason mutum ɗaya a yawancin wuraren, sai daga kaso biyu zuwa sama, domin ba a tsara wurin don mutum ya zauna shi kaɗai ba.

Kafin naman ya iso, teburin ya riga ya cika da ƙananan kwanuka da ake kira banchan. Ba a biyan kuɗinsu daban, kuma duk wanda ya ƙare ana ƙarowa idan an nema. A cikinsu akwai kimchi, kabejin da aka barbaɗa wa gishiri, aka cuɗa shi da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, aka ajiye shi har ya yi tsami. Muhimmancinsa a wajensu ya kai ga hukumar UNESCO ta sanya al'adar haɗuwar iyalai da maƙwabta domin haɗa kimchi na lokacin sanyi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a shekarar 2013. Akwai tsiron wake, da yankakkiyar albasa mai ganye da aka kwaɗanta, da ɗanyar tafarnuwa, da ɗanyen barkono, da kwandon ganyen latas. Akwai kuma wani kauri-kaurin haɗi mai suna ssamjang, wanda tushensa waken suya ne da aka bari ya ruɓa bisa ƙa'ida, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake miya da daddawa zai gane danginsa tun daga ƙamshi.

Yadda ake cin shi ne ya fi burge ni. Mutum zai shimfiɗa ganyen latas a tafin hannunsa, ya ɗora yankan nama ɗaya da ya sauko daga wuta yanzun nan, ya ƙara ɗan ssamjang da gasasshiyar tafarnuwa, wani lokaci da 'yar shinkafa, ya ƙunshe ya kai baki a loma ɗaya. Saboda haka kowace lomar nama tana tafiya da ganye da tsami da yaji, kuma maiƙo ba ya gundurar mutum. Na lura cewa yawan naman da mutum ɗaya yake ci a irin wannan zama bai kai yadda ake zato ba, domin kason mutum ɗaya yakan kasance tsakanin giram 150 zuwa 200 ne, amma sai ya tashi a ƙoshe. A ƙarshe akan rufe da taliya mai sanyi da ake kira naengmyeon, ko miyar waken suya mai zafi da shinkafa.

Sai batun wanda zai riƙe abin juya naman. A wasu gidajen ma'aikata ne suke zagayawa suna juyawa, suna kuma canza ragar idan ta yi baƙi, amma a mafi yawan zama ɗaya daga cikin masu cin ne yake ɗaukar nauyin gashin, kuma sau da yawa ƙaramin cikinsu ne. Shi zai lura da wuta, ya yanyanka naman da almakashi daidai loma, ya tura wanda ya nuna zuwa gefen raga, ya fara sa wa babba a faranti. Ba a fara ci sai babban da ke teburin ya fara, kuma idan za a zuba wa babba abin sha da hannu biyu ake zubawa. Wannan bai zame mini baƙon abu ba ko kaɗan. Mu ma a gidajenmu yaro ba ya riga babba sa hannu a kwano, kuma ba ya taɓa nama sai an ba shi. Abin da na gani sabo shi ne yadda suka ɗauko wannan ladabi daga cikin gida suka kai shi gidan sayar da abinci, suka gina kasuwanci a kansa, har ya zama abin da ake biya kuɗi dominsa shi ne zaman kansa da hidimar da mutane suke yi wa juna a gaban wuta.

A nan ne kuma dole in tsaya a kan batun halal, domin shi ne abin da na fi so 'yar ƙanwata da ƙawayenta su sani. Naman da ya fi kowane farin jini a irin waɗannan gidaje a Koriya shi ne samgyeopsal, kuma naman cikin alade ne. Shi ne wanda aka fi nunawa a finafinan, mai layi-layin kitse da tsoka, tare da koren kwalabe a gefe, waɗanda barasa ce mai suna soju. Gidan da yake sayar da naman sa yakan sayar da na alade ma, a kan raga iri ɗaya, da almakashi iri ɗaya. Ko an tsallake wannan, akwai maganar yankan naman san kansa. Akwai kuma haɗin da ake jiƙa bulgogi da galbi, wanda sau da yawa ake zuba masa giyar girki ta shinkafa, sannan wasu kayan haɗin na kamfani ana sa musu ɗan sinadarin barasa domin kada su lalace. Miyar kimchi da ake kawowa a gefe ma yawanci da naman alade ake dafa ta. Saboda haka faɗin “ba na cin alade” kaɗai bai wadatar ba.

Abin da ya sauƙaƙa mana a Seoul shi ne unguwar Itaewon, inda Babban Masallacin Seoul yake a kan tudu tun da aka buɗe shi a 1976. A titunan da suke hawa zuwa masallacin akwai gidajen abinci na Musulmi, har da masu yin abincin Koriya da naman halal. Ƙungiyar Musulmin Koriya tana ba da takardar shaidar halal, hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar kuma ta kasa gidajen abinci gida huɗu domin baƙi Musulmi: masu takardar shaida, da waɗanda mai gidan Musulmi ne ya shaida da kansa, da masu wasu abincin halal amma ana iya samun barasa a wajen, da waɗanda kawai ba sa sayar da alade. Ni a kan biyun farko na tsaya, kuma shawarar da nake bai wa duk wanda zai je ke nan. Haka nan idan mutum ya ga gidan abincin Koriya a Abuja ko Legas ko Dubai, ya tambayi inda naman ya fito, da abin da aka jiƙa shi da shi, da ko ragar ta taɓa alade. Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuma mai gidan abincin da ya san aikinsa zai amsa ta ba tare da ɓata rai ba.

Tun da na dawo nake kallon tukubar mai tsire da wani ido. A ƙwarewar gashi ba na jin akwai abin da za a koya wa mahautan Katsina da Daura. Muna da tsire da balangu da kilishi, muna da yajin ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, kuma shanu da raguna suna shigowa daga kasuwannin Mai'aduwa da Charanci. Amma dubi yadda muke sayensa. Magidanci zai tsaya a bakin titi bayan magariba, wajen Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, a yanka masa, a ƙunshe a takarda, ya sa a leda ya tafi, kafin ya isa gida naman ya huce, kitsen ya daskare. Idan kuma a wajen za a ci, to a tsaye ne ko a kan benci, kuma maza ne zalla. Matar aure da 'ya'yanta mata ba su da inda za su zauna cikin mutunci su ci nama da zafinsa daga wuta. Wannan yana damuna, domin su ne suke dafa mana abinci kullum, kuma su ne suke cin tsiren da ya huce.

Lokacin da muke kusantar irin wancan zama shi ne Babbar Salla, sa'ad da ake jera raguna a jikin itace a kewaye wuta, yara suna kai da kawo, ana yankar hanta ana gasawa ana miƙa wa dattawa tun kafin sauran naman ya nuna. Duk wanda ya san daɗin wannan yini ya san abin da Koriyawa suke sayarwa. Shi ya sa nake ganin wanda zai buɗe irin wannan wuri a Katsina ba ya buƙatar kimchi ko sandunan cin abinci. Kwaɗon zogale da na rama, da lansir, da yankakken kabeji da tumatir da albasa, da yaji kala biyu ko uku, da gurasa ko waina, sun isa su cika tebur, ga zoɓo da kunun aya. Abin da zai ɗauko daga can shi ne wuta a tsakiyar tebur, da rumfuna keɓaɓɓu inda iyali za su zauna su kaɗai.

Akwai wahalhalu na gaske a ciki. Ɗanyen nama da aka yanka fale-fale ba ya jure zafin Afrilu, lokacin da ma'auni yake kaiwa digiri 40, don haka sai da firiji mai wutar da ba ta yankewa, wato sola ko janareta, kuma wannan kuɗi ne. Gawayi a ɗaki rufaffe yana fitar da iska mai guba da ba a jin warinta, saboda haka ko dai a sa bututun zuƙe hayaƙi a kowane tebur, ko a yi wurin a fili ƙarƙashin rumfa, wanda ya fi dacewa da yanayinmu. Farantin ɗanyen nama da abin ɗaukarsa dole a raba su da na ci. Sannan shanunmu makiyaya ne masu doguwar tafiya, tsokarsu ba ta da kitse a ciki kamar ta hanwoo, idan aka ɗora ta a wuta minti biyu kawai sai ta yi tauri, sai dai a jiƙa ta da ɗanyar gwanda ko abarba, waɗanda suke tausasa nama.

Na kai wannan magana wajen mahaucin da muke sayen nama a hannunsa tun zamanin mahaifinmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Alhaji, in dai sirantar yanka ce, wanda yake feɗe naman kilishi ba za ta gagare shi ba. Amma kada ka nemi cinya, ka nemi naman gadon baya da na haƙarƙari, kuma na bijimin da aka turke aka yi wa kiwo, ba wanda ya sauko daga mota jiya ba.” Ya ƙara da cewa a rago naman ƙirji da na haƙarƙari sun fi dacewa da wuta mai sauri, domin kitsensu yana hana su bushewa, kuma idan ana so ya ware irin wannan nama sai an faɗa masa tun daren jiya, kafin masu balangu su riga kowa ɗauka da asuba.