Mako na uku a saman silin: na koma na gyara bakin rufi

Sallama gare ku, 'yan'uwa masu koyo. Ga inda aikin shimfiɗa abin tare zafi a saman silin gidana ya kwana, don kada ɗumin ɗaki ya riƙa fita lokacin sanyi.

Shimfiɗa ta farko ta kammala tun makon jiya: audugar gilashi, wato zaren gilashi mai laushi kamar auduga, mai kaurin milimita 100, kwance a tsakanin katakan da ke riƙe da silin. Yanzu ina kan ta biyu, mai milimita 170, wadda ake jerawa a gicciye bisa katakan. Dalilin gicciyawar shi ne zafi na bin katako ya wuce, in ba a lulluɓe shi ba ta nan ɗumin ɗaki zai riƙa sulalewa. Duka biyun sun kai milimita 270 ke nan, kaurin da ake ba da shawara a Birtaniya ga irin wannan auduga.

Abin da na fi so ku riƙe: iskar da ke maƙale a cikin audugar ita ce ke tare zafi. Da zarar ka danne ta, ka rage mata amfani. Da farko na yi niyyar ɗora allunan katako a kai don ajiye akwatuna, sai na fasa. Zan kafa musu ƙafafu su tsaya sama da audugar, a bar ɗan sarari a tsakani.

Kuskuren da ya cinye mini kwana biyu a bakin rufi yake, can inda rufin ke saukowa ya haɗu da bango. Saboda son kada in bar ko kafa ɗaya, na cusa audugar har ƙurya. Wata safiya mai sanyi na hau, na haska tocila, sai ga raɓa tana ƙyalli a cikin rufin. Ashe ta wannan bakin iska ke shiga ta ratsa ta fita da danshi. Tururin girki da na wanka yana haurawa sama, kuma tunda yanzu audugar ta sa wurin ya ƙara sanyi, in ya rasa hanyar fita sai ya koma ruwa a jikin katako. Daga nan sai fumfuna, sai ruɓewa. Na bi gefe-gefe a kwance, na janyo audugar baya, na bar tazarar milimita 50 tsakaninta da rufin. Aiki ne mai ciwon wuya, amma bayan 'yan kwanaki wurin ya bushe.

Wayoyin lantarki kuma na ɗago su na kwantar bisa audugar, don wayar da aka binne ba ta samun inda za ta huce. Biyu sun ƙi ɗagowa saboda gajarta, na bar su sai mai aikin lantarki ya zo ya duba. Fitilun da ke nutse cikin silin na kifa wa kowace murfin da aka yi dominta mai jure zafi. Ƙarƙashin tankin ruwa ban shimfiɗa komai ba, ɗumin da ke tasowa daga ƙasa shi ke hana ruwan daskarewa. Gefensa da samansa da bututunsa ne na naɗe.

Maganar lafiya ba na sassauci a kanta. Silin ba ya ɗaukar nauyin mutum, kan katako kaɗai ake takawa, ni ma da faffaɗan allo nake rarrafe. Takunkumi mai tace ƙura, tabarau, safar hannu, riga mai dogon hannu, duk sai na sa kafin in taka tsani, domin ƙaiƙayin audugar nan ba ya barin mutum barci. A sama nake buɗe ƙullin audugar, ba a ɗaki ba. Wanda gidansa tsoho ne kuma ya tarar da wani garin abu mai ƙyalƙyali zube tsakanin katakai, kada ya taɓa, ya kira masana su gwada, yana iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu.

Saura layi huɗu na shimfiɗa ta biyu, sai murfin ƙofar hawa, wanda zan manna wa allon tare zafi in kewaye bakinsa da roba. Wanda ya riga ya yi nasa murfin ya faɗa mini yadda ya yi da maratayin tsani, don nawa a jikin murfin yake.