Kada Ku Kai Ɗanyar Fata Kasuwa

Ƙannena masu sha'awar rubutu, shekaruna na farko da biro na ɓata su ne wajen jiran ilhama. In ta zo, sai in kwana ina zuba shafi goma, da asuba in ce na gama. Ba na sake karantawa, don a zatona gyara raina baiwa ne.

Wata bazara, cikin zafin Afrilu na Sakkwato, na rubuta labarin kakata a kan tabarma a tsakar gida, da hasken waya. Na kai wa wani dattijon malami kusa da Hubbare ina jiran yabo. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, mi kaka son hwaɗi?" Na buɗe baki na rasa amsa. Abin yana nan da zafinsa a ƙirjina, amma bai sauka kan takarda ba. Wata uku ban taɓa biro ba saboda fushi, kuma har yau wannan fushin yana ci mini rai.

Ku je ku tsaya wurin majema. Fatar jan akuya da garinmu ya yi suna da ita, sai an jiƙa ta, an sa toka gashi ya zube, an kankare, an tsoma ta cikin ruwan bagaruwa kwana da kwanaki, kafin baduku ya sa mata wuƙa. Rubutun daren farko ɗanyar fata ne, ni kuwa ita na kai kasuwa.

Ku ajiye shi mako biyu, sannan ku karanta da ƙarfi a gaban wanda bai yi boko ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajoji ne, wato malamai mata da ta horar, ke kai waƙoƙinta ga matan ƙauye su haddace. Kalmar da kunne bai kama ba ba ta isa ko'ina. Inda mai sauraronku ya ce "na'am?", nan aikin yake.

Da na karanta wa innata nawa, sai ta ce tsohuwa ba ta taɓa magana haka ba. Ashe na wanke mata Sakkwatancinta tas. Na mayar mata da "wagga" da "ɗiyata", muryarta ta dawo. Sau bakwai na sake labarin, ya koma shafi huɗu. Sakin layin ranar rasuwar kakata kuwa har yanzu ina kansa.