Ɗan wa ake fara dubawa?

Koyarwa a lise a nan Maradi, da taya 'yan bak (jarrabawar ƙarshen lise) haɗa dosiyen neman burs, wato tallafin karatu, sun nuna mini cewa maki kaɗai ba ya buɗe ƙofar babbar jami'a. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ko a nan ko a ƙasashen da muke ɗauka gaskiya ce zalla ke aiki.

A Amurka ba ma a ɓoye abin: jami'o'i da yawa suna fifita ɗan wanda ya yi karatu a cikinsu. Shari'ar da aka yi da jami'ar Harvard, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2023, ta tona alƙaluman. Cikin 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da suka nema, an ɗauki kusan kashi 33 cikin ɗari, sauran masu nema kuwa kusan kashi 6. A shekarar ce binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa ya nuna cewa ko maki ya zo ɗaya, 'ya'yan manyan attajirai sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali samun shiga manyan jami'o'i irin su Harvard. Jami'ar Johns Hopkins ta bar fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai tun 2014, jihar Kalifoniya ta haramta shi a 2024.

Namu ya fi wuyar kamawa, domin babu dokar da za a soke. Yaron da kawunsa ke aiki a Yamai ya san burs ɗin Turkiyya a farkon shekara ake nemansa, watanni kafin a zauna bak. Fasfonsa na hannu, akwai mai gyara masa wasiƙa, akwai mai buga waya. Yarinya daga Madarunfa ko Tibiri, wadda ta fi shi lissafi nesa, sai sakamako ya fito take jin labari, an riga an rufe. Ba wanda ya ce mata a'a, kuma wannan ne ke ƙona mini rai.

Shi ya sa ba na jiran aji na ƙarshe. Tun da saura shekara nake sa su nemo takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, in rubuta ranakun rufewa a allo. Tsofaffin ɗalibaina na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da Abdou Moumouni su ke karanta musu wasiƙu ta WhatsApp. Kuɗin fasfo da na fassarar takardu ne har yanzu ke tsayar da mu, sai an bi iyaye gida gida.