Kwana a tsohuwar fada da yara: abin dubawa kafin a biya kuɗin ɗaki

Yawancin iyalan Abuja da ke sha'awar kwana a gidan sarauta mai ganuwa, hoton ginin Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 ne ya fara kwaɗaita musu. Idan ana son a haɗa irin wannan masauki da yawon birni, Sifaniya ce ta fi dacewa a ganina. Tun 1928 gwamnatin ƙasar ke gudanar da otal-otal da ake kira Parador, da yawansu a cikin tsoffin fadoji da sansanonin yaƙi. Akwai ɗaya a cikin harabar Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi a birnin Granada, akwai na Carmona, kimanin kilomita 35 daga Seville, wadda littattafan tarihin Andalus ke kira Ishbiliya.

Tambayar farko ita ce: ɗakin yana tsohon ginin ne ko a sabon ɓangare? Hotunan intanet suna nuna hasumiya da zauren dutse, amma manyan ɗakunan iyali sau da yawa suna ɓangaren da aka ƙara daga baya. Ba laifi ba ne, don sabon ɓangaren ya fi sauƙi ga mai goyo da kaka mai ciwon gwiwa. A tsohon gini matakala tana iya zama ƙunƙuntacciya mai murɗewa, dutsen ya sulɓe saboda tsufa, tagogi ƙanana, katanga mai kauri kuma tana kashe sabis ɗin waya. A rubuta wa otal a tambaya, a ajiye amsar.

Sai yawan mutane. A Turai kowane ɗaki yana da iyakar waɗanda doka ta yarda su kwana a ciki, galibi biyu ko uku, wani lokaci huɗu. Ba a shimfiɗa wa yara tabarma a ƙasa kamar a gida. Mai 'ya'ya huɗu ya nemi ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, domin "maƙwabtan ɗakuna" na iya nufin sai yaro ya fito baranda da dare kafin ya iske uwarsa. Gadon jariri ma tun wuri ake nema.

Abinci na buƙatar lura. Naman alade yana ko'ina a teburin karin kumallo, kuma ana sa man alade a wasu kayan fulawa, don haka a tambaya. Ƙwai, kifi, zaitun da 'ya'yan itace sun wadatar. Abincin dare kuwa ba ya farawa sai wajen ƙarfe 8:30, lokacin da ƙananan yara sun fara gyangyaɗi. A tanadi madara da biskit a ɗaki. A sa ƙaramar buta da darduma a jaka.

Kwana a harabar Alhambra ba ya ba mutum izinin shiga fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi da ya mulki Granada. Tikiti daban ne, da sa'arsa a rubuce, yana ƙarewa makonni kafin ranar, kuma ana duba fasfo a ƙofa. Wanda ya makara ya yi asara.

Dogon hutun makaranta na Yuli da Agusta ya faɗo daidai lokacin da zafin Seville ke haura digiri 40. Hutun Ista ya fi daɗi, sai dai bukukuwan birnin na wannan lokaci suna tayar da farashi.

Don bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai, a kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da tara ba, a yi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, a haɗa takardun haihuwar yara. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da su, a haɗa da takardar amincewar mahaifi.